Manhajar Bu Lastri

Fankar kwamfutar Bu Lastri takan fara gurnani tun kafin mai ita ta gama kakkaɓe lemarta. A wannan kamfanin inshora na birnin Semarang, inda ake kiran mace Bu, namiji kuma Pak ko Mas, gurnanin nan shi ne shaidar aiki, tun da sabon manaja, Pak Hendarto, ya dawo daga wani kwas da imanin cewa duk kwamfutar da ta yi sanyi, mai ita barci yake yi.

Darmaji ne mai kula da kwamfutocin. Aikinsa shi ne zama gaban allo yana kallon manhajojin da ke gudana a injin kowa, da yawan ƙarfin da kowacce ke ci. A nan ya ga layin Bu Lastri yana kwanciya a hankali. Ciwon sukari ya fara cin idonta, sai ta kafa wa takarda hanci kafin ta iya shigar da lamba. Fansho ya kusa, amma bai iso ba.

Sai ya rubuta wata 'yar manhaja ya ɓoye a injinta. Ba ta yin komai sai ƙirga: ɗaya, biyu, uku, babu tsayawa.

"Mas Dar, injina fa zazzaɓi yake yi," in ji Bu Lastri, tana miƙa masa soyayyen tempe, wainar waken soya, a takarda.

"Tsufa ne, Bu. Ku biyu kuna gasa."

"Ji mara kunya! Kai da furfura ta riga hankali zuwa kanka."

Wata safiya manajan ya kira shi, ya juyo masa da allo. Layin Bu Lastri ya yi ja wur, ya haye na kowa.

"Ka ga aiki ko? Na duba da kaina. Manhaja guda ce ke cin ƙarfin nan duka, ko matar ta tafi salla ba ta hutawa. Me take yi?"

Darmaji ya dubi jan layin. In ya ce ba ta yin komai, ya tona asirin Bu Lastri, da nasa.

"Lissafi take yi, Pak. Mai nauyi."

"Ita kaɗai? Ba sai da hannun mutum ba?"

Ruwa na dukan tagar. Manajan ya riga ya ga manhajar tana aiki ko matar ba ta nan.

"Ita kaɗai, Pak."

"Madalla. To me muke yi da Bu Lastri?"

An yi mata liyafar ban kwana da shinkafa rawaya. Manajan ya yi jawabi a kan ci gaba. Ita kuwa ta tattara kofinta da silifas ɗin alwala, ta tsaya gaban teburin Darmaji, tana kallon ɗan gefen fuskarsa.

"An ce wata manhaja ce ta fi ni ƙwazo. Wa ya kawo ta, Mas?"

"Daga sama ne, Bu."

"Allah Ya ba ta lafiyar ido."

Washegari aka mayar da manhajar kan babbar kwamfutar kamfani, a ɗaki mai sanyi. Pak Hendarto ya tsaya bayan Darmaji, hannuwa a baya, yana kallon layin na hawa.

"Yaushe za ta ba mu sakamako?"

"Ba ta kai ƙarshe ba tukuna, Pak."

"Bar ta ta yi aikinta," in ji manajan, cikin sassauta murya. "Kada kowa ya dame ta."