Jawabin Darlene na Huɗu

Shekara goma sha tara Darlene Kovach ta yi tana girki a kicin ɗin asibitin garinsu, a jihar Ohio. A duk shekarun nan, wasu 'yan mata masana abinci, masu farar riga da digiri, ne ke zuwa su gaya mata yawan gishirin da za ta zuba. Ita ta san wane tsoho ne ba zai taɓa wake ba ko yunwa za ta kashe shi, amma su ke sa hannu a takarda. Ranar da wata sabuwar zuwa, sa'ar 'yarta, ta tsaya tana koya mata dafa dankali, Darlene ta cire hular kicin, ta wuce ƙaramar kwalejin garin ta yi rajista.

Ba baƙuwa ba ce a wurin. Ta taɓa yin zango uku tana budurwa, kafin aure da haihuwa su ɗauke ta. Wannan karon kam ta daure. Shekara biyu tana tashi daga aiki ta shiga aji da ƙamshin albasa a jikinta, har ta gama tana da shekara arba'in da tara. Abin da ya rage shi ne ta kwashi darussan da ta ci ta kai jami'ar jiha, a karɓa mata su, ta ƙarasa sauran shekara biyun, ita ma ta sa farar riga.

A jami'ar aka tura ta ofishin Renata Ybarra, mai duba takardun ɗaliban da suka zo daga ƙananan kwalejoji. Renata ta baje takardar sakamakon a tebur, tana bin ta da bakin biro.

"Lissafi ya shiga. Kimiyya ya shiga. Rubutu ya shiga. Kai, kin yi ƙoƙari fa." Sai biron ya tsaya. "Sai dai wannan."

"Wanne?"

"Magana a gaban jama'a. Yana cikin darussan gama-gari. Kowa sai ya yi, ko likita zai zama ko makaɗi."

"Ai na yi! Ga shi nan a rubuce, na ci."

"Kin ci, da ƙyar, shekara ashirin da takwas da suka wuce," in ji Renata. "A wurinmu ba a karɓar darasin sai in ɗalibi ya tsaya ya yi jawabi huɗu a cikinsa. Na nemi tsarin darasin na wancan lokacin a kwalejinku, suka ce ambaliya ta cinye ɗakin ajiyar takardunsu. Yanzu ko dai ki sake darasin daga farko, ko ki samo wasiƙa daga malamin da ya koyar. Wani Lyle Brubaker ne. Yana raye kuwa?"

Darlene ta dafe goshi. "Yana raye. Kowace Asabar yana sayar da zuma a kasuwar manoma. Shekara da shekaru ina bi ta bayan rumfar tumatir don kada mu haɗa ido."

Renata ta ajiye biro ta gyara zama. Dole Darlene ta ba ta labari.

Jawabi na huɗu a wancan ajin, an ce kowa ya koya wa 'yan aji yadda ake yin wani abu. Wasu suka zo da allura da zare, wani ya zo da tayar keke. Darlene ba ta shirya komai ba. Ana kiran sunanta sai aka aiko Malam Brubaker ya amsa waya, ya fita ya bar kwat ɗinsa ruwan ƙasa a bayan kujera. Sai ta saka kwat ɗin, ta ce yau za ta koya musu yadda ake zama Malam Brubaker. Ta yi gyaran murya sau uku. Ta jefa alewar minti a baki, ta ɗaga gira ɗaya, ta danna agogonsa na ƙirga daƙiƙa, ta daka tsawa: "Ba a jin ki a baya!" Aji ya kece da dariya har wata ta zame daga kujera. Da dariyar ta yanke farat ɗaya, Darlene ta waiga, ga shi tsaye a bakin ƙofa. Hannu kawai ya miƙa, ta cire kwat ɗin ta ba shi.

Renata ta share hawayen dariya. "To, Allah ya ba da sa'a. Ga fom ɗin da zai sa wa hannu."

Ranar Asabar da hantsi Darlene ta bi ta gaban rumfar tumatir. Ta tarar da shi zaune da hular kaba, ya tsufa ya rame, yana jera kwalaben zuma.

"Malam, barka da hantsi. Ba lallai ka gane ni ba, ni ce…"

"Ba a jin ki a baya," ya ce, bai ko ɗago ba. Muryar ta dishe, amma ita ce dai. Sannan ya dube ta ta saman tabarau. "Darlene. Layi na uku, jikin taga, cingam a baki. Yau an rufe hanyar baya ne?"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yi masa bayani tana in'ina, ta miƙa fom ɗin. Ya karanta a hankali, har da ƙananan rubutun ƙasa.

"An ce in shaida kin yi jawabi huɗu. Ni uku na gani."

"Malam, huɗu ne! Ai har maki ka ba ni."

"Kwat ɗin na ba maki. Shi kam ya yi ƙoƙari."

"Haba Malam, ƙuruciya ce."

"Ban yi fushi ba. Matata, Allah ya ji ƙanta, sai da ta sa na kwaikwaya mata ke kina kwaikwayona. Amma ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, kuma ba zan fara ina da shekara tamanin da ɗaya ba." Ya ninke fom ɗin ya sa a aljihun riga. "Ranar Talata da ƙarfe bakwai akwai zaman majalisar gari. Maƙwabcina Gordon Feeney ya kai ƙara a hana kiwon zuma a cikin gari. Minti uku ake ba kowa. Tun da aka yi mini aiki a maƙogwaro muryata ba ta wuce layin farko. Ke za ki tsaya mini. Shi ne na huɗun."

"Ni? Ni da ko ƙudan zuma ɗaya na gani sai na bar masa ɗakin?"

"Ai ba su za ki yi wa jawabin ba."

Ta lissafa: minti uku, ko wata huɗu a aji da yara 'yan shekara sha takwas. Ta ce to.

Lahadi da Litinin da yamma ta yi su a bayan gidansa. Ya ce mai kare zuma dole ya san warinsu, don haka ya rufa mata raga a fuska ya tsayar da ita tsakanin amya biyar. Shi kuwa ya zauna a inuwa da tsohon agogonsa, yana ƙirga duk "eh" da ta faɗa. Ranar farko ya samu talatin da ɗaya. Ya rubuta mata jawabin a ƙananan katuna: amfanin zuma ga furanni, da gonakin tuffa, da wani dogon zance game da tarihin kiwon zuma tun zamanin Fir'auna.

"Malam, wannan fa zai sa mutane barci."

"Mai barci ba ya jefa ƙuri'ar adawa. Sake daga farko."

Ranar Talata ɗakin taron ya kusa cika, domin ƙaramin gari ba ya ƙin kallon rigimar maƙwabta. 'Yan majalisa biyar suna zaune a gaba. Gordon Feeney ne ya fara. Tsohon dillalin inshora ne, bakinsa da zaƙi. Ya yi maganar jikoki, ya yi maganar haɗari, sannan ya zaro wani ƙaton hoto ya ɗaga sama. Fuskarsa ce, kuncin hagu ya kumbura suntum kamar burodi.

"Ga abin da zumar Mista Brubaker ta yi mini a farkon watan Mayu," ya ce da rawar murya. Mutane suka yi ta jajantawa.

Darlene ta ƙura wa hoton ido. Ta san rigar nan, kore mai zanen kifaye. Ta kuma san abin da ke bayan kunnensa a hoton: gefen injin lemo ne na kantin abincin asibiti, wanda take gogewa kullum da safe.

Aka kira sunanta. Ta tashi, ta tsaya gaban makirufo, ta fara karanta katin farko. Furanni. Tuffa. Ta ce "eh" sau huɗu kafin ta kai ƙarshen layi. Wani ɗan majalisa ya yi hamma. Da ta juya kati ta ga Fir'auna na jiranta, sai ta tattara katunan ta zuba a jaka.

"Mista Feeney," ta ce, "ya haƙorin?"

Gordon ya yi turus. "Wane haƙori?"

"Jama'a, ni ba likita ba ce, girki nake yi. Amma ina so ku san irin zumar da ta harbi Mista Feeney, don ba a taɓa ganin irinta ba. Ta bakinsa ta shiga, ta samu haƙorin ciki na hagu ta tare a ƙarƙashinsa. Kwana uku yana zuwa kantinmu yana cin markaɗaɗɗen dankali, yana ba ni labarinta, ni da duk wanda ke kan layi. Har buɗe mana baki ya yi mu gani, muna tsakiyar zuba miya. A rana ta huɗu likitan haƙori na tsallaken titi ya sa filaya ya cire ta. Hoton nan ma, in kun duba da kyau, ga injin lemonmu nan a baya."

Sai wata murya daga layi na biyu, ta Patty matar Gordon: "Sai da na ce maka kada ka kawo hoton nan."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Shugabar majalisa ta yi ta buga gudumarta, ita ma kafaɗunta na rawa. Gordon ya yi jajir har kunnuwa, ya miƙe ya ce to ko ba su harbe shi ba, ai kullum suna cika kwanon ruwan karensa, kare ya kai mako biyu yana shan ruwa a banɗaki.

Nan Darlene ta ji tausayinsa, don wannan kam gaskiya ce. Ta ga kwanon ta saman katanga lokacin da take bayan gidan Malam. Ta ce ƙishirwa ce ke kai su, ba mugunta ba. A sa Malam Brubaker ya ajiye musu baho da ruwa kusa da amya, kuma, tsakani da Allah, amya biyar sun yi wa wannan ɗan filin yawa. Ta ji wani tari mai ƙarfi daga inda Malam yake zaune, ta ƙi waigawa.

Majalisa ta yanke: ba a hana kiwon zuma ba, amma amya uku kawai, da bahon ruwa.

A bakin ƙofa ya tare ta, agogo a hannu. "Minti uku da daƙiƙa arba'in. Kin wuce lokaci. Kuma kin jawo mini asarar amya biyu. Wa ya aike ki?"

"Malam, ka ce ba ka son ƙarya."

Ya dube ta da gira ɗaya a sama. Sannan ya juya ya tafi yana dogara sanda, yana wata ƙara da ta ɗauka tari ne, sai daga baya ta gane dariya ce.

Bayan mako guda Renata ta kira ta ofis. Wasiƙar ta iso, shafi uku da rubutun hannu, haɗe da fom ɗin.

"Tsaya ki ji," in ji Renata. "'Ina shaida cewa wannan ɗaliba ta yi jawabi huɗu a ƙarƙashina. Na huɗun ya makara da shekara ashirin da takwas, amma ban cire maki ba. Ta watsar da katunanta, ta kunyata ɗan gari, ta ci amanar malaminta, kuma kowa ya ji ta har bayan ɗaki.' Na kai wa shugaban sashe, ya karanta sau biyu, ya sa hannu. An karɓa."

Darlene ta sauke ajiyar zuciya, ta fara tattara jakarta.

"Af, saura abu ɗaya," in ji Renata, tana sosa ƙeya da biro. "Tarihin Amurka da kika yi a wancan zangon. Rabin farko kawai kika yi, mu kuma duka muke so. In malamin zai shaida kun wuce Yaƙin Basasa…"

"Wa ya koyar?"

Renata ta duba. "Wata Malama Oberlander."

"Ta rasu bara."

"Ayya, Allah ya ji ƙanta."

"Amin," in ji Darlene. "Gara ma haka. Ita abin da na yi mata ya fi wancan."

Renata ta matso da kujera, ido na ƙyalli, amma Darlene ta duba agogo ta ce ƙarfe sha ɗaya take ɗora abincin rana. Ta karɓi fom ɗin sake darasin tarihin a zangon bazara, ta cike shi a tsaye, ta zaɓi ajin Talata da Alhamis, ta fita da sauri ta kama hanyar asibiti.