Sujada a Ƙarƙashin Farfela

Wani attajiri ne ya sayo tsohon jirgin Dakota mai farfela biyu, wanda ya yi dakon sojoji tun kafin a haifi ubana, ya kafe shi a wani fili bayan Doha. Mu aka ɗauko daga unguwar Old Airport don gadinsa, ni da Baba Ɗalhatu, dattijo mai nauyin kunne da taurin kai.

Tun da muka zo jirgin bai taɓa ko tari ba. Filin kuwa babu bishiya, sai Baba ya mai da inuwar jirgin masallaci. Na yi masa magana kan hatsarin har na gaji.

"Ghali, wannan gawar ce za ta tashi? Khalas, shi ke nan, ƙyale ni," in ji shi.

Ran nan da la'asar wani makanike ya zo, ya shige jirgin ta ƙofar baya. Ni na buɗe masa get, na kuma manta shaf cewa Baba ya ja darduma ya bi inuwa. Ina cikin rumfa na ji wani kuka ƙiii. Farfelar dama ta soma juyawa a hankali, Baba kuma yana sujada daidai ƙarƙashinta. Hancin jirgin a sama yake, makaniken ba ya ganin ƙasa.

Na buɗe baki zan kwarma ihu, sai na haɗiye. Idan ya ji ni ɗagowa zai yi, idan ya ɗago kuwa kansa ya tafi. Na zura da gudu, na zube, na ja ciki. Injin ya yi tari, ya tofar da hayaƙi, ya kama da ruri. Na ga kafaɗun Baba sun motsa zai taso. Na cafki ƙeyarsa na danna ƙasa da dukkan ƙarfina. Ya yi ta kiciniya, ni kuwa ina kuka ina dannawa. Iska ta fizge hularsa, ban ma ga inda ta bi ba.

Da injin ya mutu, sai na sake shi. Ya ɗago a hankali, goshi duk tsakuwa, ya dubi ƙarfen da ke rataye bisa kansa. Har yanzu bai sallame ba.

Ya yunƙura zai miƙe raka'ar ƙarshe, ya kasa. A zaune ya ƙarasa ta, hannunsa ɗaya riƙe da rigata.