Yadi Shida

Daso ta fi shekara ashirin tana kallon finafinan Indiya, kuma a ganinta hakan ya isa ta san Indiyawa ciki da waje. Ta san kukansu, ta san rawarsu cikin ruwan sama. Sari a ninke ne kawai ba ta taɓa gani ba, don a fim kullum a jikin mace yake, iska na kaɗa shi.

A wani dogon bene a unguwar Cheras, a wata ƙasar waje da ba Indiya ba amma mai Indiyawa mazauna da yawa, take zaune da mijinta Haliru, malamin jami'a. Takardar zamanta ta matar da ta biyo miji ce, ba ta ba ta izinin sana'a ba. Amma da korona ta zo aka garƙame shagunan teloli na titin Jalan Masjid India, duk matar da zif ɗinta ya lalace a benen sai ta gano akwai keken ɗinki a gidan Bahaushiya. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, har da Madam Komala, Ba'indiya, shugabar kwamitin masu gidaje, wadda shirunta ajiya ne don wata rana.

Madam za ta yi wa ɗanta aure. Amaryar, Tulasi, a benen take, ma'aikaciyar banki. Ta yarda ta ɗaura sari ran ɗaurin aure, amma a liyafa doguwar riga take so mai jan ƙasa, irin ta ƙawayenta. Madam ta ce ba da ɗanta ba. Ta tare mata a bakin lif tana wa'azin al'ada, yadda 'yan matan yanzu ke yar da kayan iyayensu don su zama Turawan dole. Da wandon motsa jiki da takalmin gudu take wannan wa'azin. Akwai wani jan sari na siliki mai bakin zinariya, shi za a sa a liyafa. Ran farko Madam ta ce na uwarta ne. Kafin mako ya zagayo ya zama na kakarta. Da an ƙara ɗage bikin, da ya kai zamanin Annabi Nuhu.

Madam ta kuma ba Daso aikin takunkumin baƙi, kowa da nasa, adadin da ya ninka abin da hukuma ta yarda a tara a zaure ɗaya. Ita ce kuma mai manna sanarwar dokar a bango.

Tulasi ba ta yi musu da surukarta ba. Yarinya ce mai ladabi, irin ladabin da ke bi ta bayan gida. Ta hau wurin Daso aka gwada ta, ta nuna hoton riga a waya, ta ce yadi na nan tafe. Bayan kwana biyu Madam ta ba ta sarin ta kai wa Daso a kalmashe bakinsa da ya fara zarewa. Tulasi ta rataya jakar a hannun ƙofa, ta ja baya kamar yadda likitoci suka ce, ta yi magana ta cikin takunkumi.

"Anti Daso, ga yadin."

Ba ta yi ƙarya ba. Ba ta dai ƙara komai ba.

Daso ta warware, ta auna: yadi shida, ba ɗinki ko ɗaya. Turmi ke nan. Bahaushiyar tela ta ga turmi, ta ga hoto, ga ma'auni a hannu, me ya rage? Ta yaba laushinsa, ta yi bisimilla, ta sa almakashi.

Ran Alhamis Madam ta zo karɓa. Ta tarar da ƙirjin riga a kan kujera, hannuwa a kan tebur, bakin zinariyar an fere shi an jera. Takunkuminta ya shige baki ya fito.

"Me na gani haka? Me kika yi?"

"Saura zif da shafi, Anti. Ya yi kyau ko?"

"Sari ne! Sarin kakata! Wa yake yanka sari? A ƙasarku ba ku san tufafi ba?"

"A ƙasarmu mun san tufafi shi ne abin da aka ɗinka," in ji Daso, amma muryarta ta mutu, don yanzu ta gane jan abin da ta sha gani iska na kaɗawa.

Aka kira Tulasi. Ta zo ta rufe fuska da tafuka, kafaɗu na rawa. Kuka ne ko dariya, takunkumi ya rufa mata asiri.

"Na ɗauka ta sani," ta ce. "Kowa ai ya san sari."

Daso ta dube ta. Ta leƙa ɗaki. "Baban Rayyan, fito ka ji." Malamin jami'a ya nuna kwamfuta da yatsa, wai yana aji. Allon a kashe yake.

Madam ta fito da ajiyarta. "Kina da izinin ɗinki a ƙasar nan? Waya ɗaya zan yi wa jami'an shige da fice, ke da kekenki ku koma inda kuka fito."

Daso ta tuna makarantar ɗanta Rayyan, da kwantiragin aikin mijin da bai ƙare ba, da irin kallon da dangi za su yi mata a filin jirgin Kano. Sai idonta ya sauka kan tulin takunkumin baƙi.

"Boleh, ba komai, Anti, ki kira su. In sun zo zan nuna musu duk aikina, kar a ce na ɓoye wani abu. Zan fara da waɗannan. Za su so su san biki nawa za a yi da su."

"Kina yi mini barazana?"

"Ni? Baƙuwa ce ni, Anti. Ko sari ban sani ba."

Madam ta dubi yankakken sarin. Shaguna a rufe, biki ran Lahadi, ta kuma gama gaya wa dangi har na Madurai can Indiya cewa amarya za ta fito da jan siliki.

"Kar ƙyalle ɗaya ya ɓata," ta ce daga ƙarshe. "Ko zare."

Ba ƙyallen da ya ɓata. Da ragowar Daso ta yi wa uwar ango takunkumi mai bakin zinariya.

Ran Lahadi aka kafa babban allo a zaure don dangin Indiya su kalla daga can. Tulasi ta shigo tana jan ƙasa. Tsofaffin Madurai, waɗanda aka ce za su suma, suka matso da fuskokinsu suna tambayar sunan tela, don jikokinsu a can sun riga sun daina ɗaura sari a liyafa. Madam ta gyara tsayuwa.

"Shawarata ce," ta ce, ta cikin sarin kakarta. "Al'ada ai sai da gyara."

Ita kuwa amarya ba ta zauna ba har aka tashi. Daso ta ɗinka mata rigar yadda ake yi wa amaren Kano, ta matse ta daga ƙirji zuwa gwiwa, ta rage ɗan inci a kan ma'auni. Tulasi ta tsaya tana murmushi, ana cin shinkafa a gabanta.

Washegari keke ya ci gaba da ƙara, ba wanda ya zo daga hukuma. Sai dai yanzu duk wadda ta rataya jaka, Daso kan buɗe ta a bakin ƙofa, ta tara maƙwabta biyu.

"Wannan a yanka ko a kalmashe? Faɗi da bakinki, su ji."