Abu Saliba Ba Shi da Saliba

Babana, Fasto Nakhle, ya rubuta littafi uku a kan cewa mace da namiji ɗaya suke a gaban Allah, amma kaf garinmu Bait Jala ba mai kiransa sai da Abu Saliba, wato baban Saliba. To, babu wani Saliba. Ni kaɗai aka haifa, ni Rawand, kuma mace ce. Saliba sunan kakana ne marigayi, aka liƙa wa Baba alkunyar tun yana saurayi, ana jiran ɗan da zai zo ya ci sunan. Shekarata talatin da ɗaya, har yau ana jira.

Abin yana ci mini rai, ban dai taɓa faɗa ba. Ni ke buga masa littattafan a kwamfuta, don rubutun hannunsa ko mai kemis sai ya yi da gaske yake karantawa, kuma ni mai kemis ce.

Ranar da ya miƙo mini babin farko na littafi na huɗu, wanda ke magana a kan gadon 'ya'ya mata, na mayar masa da abinsa.

"Baba, ka ba Saliba ya buga maka."

"Wane Saliba?"

"Ɗanka mana. Ni da aiki, shi da suna."

Ya yi dariya har da tari. Da ya ga ban taya shi ba, sai ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

Sati biyu yana tsokalar kwamfuta da yatsa biyu, shafi huɗu ya samu. Ran Lahadi bayan sujada, ana shan gahawa a farfajiyar coci, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali.

"Jama'a, daga yau Abu Rawand nake."

Abu Anton mai gidan burodi ya ce, "Haba Fasto! Wa'azinka mun yi haƙuri da shi, yanzu kuma da tsufanmu za ka sa mu haddar sabon suna?"

Aka bushe da dariya. Ni kuwa kakata nake kallo, Teta Wadi'a, mahaifiyar Baba. Ko gahawarta ba ta shanye ba.

Sai a mota ta yi magana, muna zaune a baya ni da ita, Baba na tuƙi.

"Shekara ashirin da rasuwar mijina, amma kullum sai na ji an kira sunansa sau goma a ƙofar gida. Yanzu wa zai ƙara kiransa?"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, kunya ta kama ni.

Na ce, "Teta, a bar shi yadda yake. Na haƙura."

"Rufe mini baki. Ni na ce a bari?"

Ta goge ido da gefen mayafi, ta zunguri kujerar direba da sandarta.

"Abu Rawand, ka wuce kwanar gidanmu."