Goyon Abdul-Manan

Nasrullah na saman tsani yana kwance tsohon injin majigi daga jikin rufi lokacin da Issaka ya shigo da ƙunshin wake da shinkafarsa a hannu. A kan bencin gaba ga wani kwali an yage bakinsa, da wani farin inji sabo fil a ciki, ko ƙura ba ta taɓa shi ba.

"Baba Issaka, sannu da zuwa," in ji Nasrullah daga sama. "Yau dai mutanen Zango za su ga fim. An daɗe ana kallon gawayi a gidan nan."

Issaka ya dubi sabon injin. Yunwar da ya shigo da ita ta gudu, ya ajiye ƙunshin a kan taga.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana riƙe da makirufo a gidan kallon Hajiya Lariba, uwar Nasrullah. Aikinsa ya zauna a gefen farin bango, ya rage muryar fim, ya gaya wa jama'a da Hausa abin da ke faruwa. In Bature ya yi magana, Issaka ya faɗa. In bai yi ba ma, Issaka ya yi masa. A da aikin ba wuya, don finafinan da rana tsaka ake dukan mutum, ka ga wanda ya kai naushi, ka ga wanda ya faɗi. Amma masu yin fim na yanzu, Allah kaɗai ya san laifin da haske ya yi musu. Mutum zai gina gari guda saboda fim, ya tara dawakai da sojoji, sannan ya kashe fitila ya ɗauka. Sai ka rantse su ma dumso ake yi musu, wuta ta zo ta ɗauke kamar ta Kumasi. Ga injin Hajiya ƙwansa ya tsufa, haskensa bai fi na aci-bal-bal ba. Ga kwanon rufi duk huji, rana na zubowa a kan bango kamar an watsa gero.

Mako shida da suka wuce aka kawo wani fim da wani yare da ba Turanci ba. Minti ashirin na farko ana gani: wani siririn Bature mai gemu, sojoji sun ƙona musu ƙauye. Daga nan dare ya yi a cikin fim ɗin, kuma ya ƙi wayewa har minti arba'in. Ba abin da ake gani sai wata inuwa a duƙe da wani ƙaton abu a baya, tana tafiya, can kuma ruwa ya ɗan ƙyalla. Jama'a suka fara bubbuga benci suna ce wa Issaka, "Massa, me ake ciki?" Issaka ya ƙura ido har hawaye, bai ga komai ba. Ya juya, idonsa ya faɗa kan Mma Salamatu mai koko.

Mma Salamatu ba ta fashin kallon Lahadi. Kullum a bencin gaba take, ta jingina da ƙatuwar lasifikar hagu saboda ciwon baya. Ɗanta guda ɗaya, Fataw, ya bi motar Agadas shekara tara da suka wuce zai tsallaka Libiya, har yau ko gaisuwa ba a samu ba. Duk Zango an san wannan, ba mai tayar mata da zancen.

Issaka ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Uwarsa ce ya goya."

Shi ke nan fa. Ya raɗa wa Baturen suna Abdul-Manan, ya ba uwar ciwon ƙafa, ya sa tana cewa, "Ɗana, sauke ni ka tsira da ranka," shi kuma yana cewa, "Mma, in na sauke ki, wa zan nuna wa inda na isa?" Da gari ya waye a fim ɗin aka ga Baturen da mutane suna cin gasasshen nama, Issaka ya ce tsohuwa tana ɗaki tana hutawa, rago ne aka yanka na godiya. A ranar nan har mahauta sun yi kuka. 'Yan kayayo, masu dakon kaya a kasuwar Kejetiya, suka je suka kira 'yan'uwansu. Kowace Lahadi sai an maimaita, kowace Lahadi Issaka na ƙara gishiri. Wani malami a Tafo ya kawo misali da Abdul-Manan a wa'azin biyayya ga iyaye, kuma Rafi'u mai walda da aka yi masa haihuwa, sunan ya sa wa yaron.

Issaka kuwa har yau bai san abin da Baturen nan ya goya ba. Kuma tsoro yake ji ya sani.

Ya sami Hajiya Lariba a bakin ƙofa tana fifita da kwali.

"Hajiya, sabon inji ai ba a fara shi da tsohon fim. A sa na kokawar nan mana, a gwada shi."

"Ka ga layin da ke waje? Kokawa suka zo kallo?" Ta dube shi ta saman tabarau. "Me ya same ka, Issaka? Fuskarka kamar an kama ka da akuyar mutane."

"To a bar ni in leƙa shi ni kaɗai tukuna. Minti biyar."

"Ba lokaci, Baba," in ji Nasrullah, yana jan waya. Ya yi shekara huɗu a Ankara, babban birnin ƙasar, yana aiki da masu ɗaukar bidiyon biki, tun da ya dawo kuwa ba abin da ke fita bakinsa sai yadda ake yi a can. "Kuma Mma, na gaya miki, in hoto ya fito sosai ba sai an zauna ana surutu a kansa ba. Akwai fassara a rubuce a ƙasa. Mu gwada yau ki gani."

Hajiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wannan shirun ya fi komai tayar wa Issaka hankali, don ya san ta. Mutum mai shekara hamsin da takwas, in an karɓe makirufon nan, me zai riƙe? Ya je ya yi alwala ya yi la'asar, a sujadar ƙarshe ya roƙi abin da ba wanda ya taɓa roƙa a Kumasi: Allah ya sa a ɗauke wuta. Da ya fito ya tarar Nasrullah ya jawo janareta ya ajiye a bakin ƙofa, har ya hau ya shimfiɗa tamfol a kan kwanon rufi.

Ɗaki ya cika maƙil, har da na tsaye. Aka kunna.

Hasken da ya bugi bangon nan sai da mutane suka kare ido. Ashe rigar Baturen kore ce. Ashe kunnensa ɗaya a yanke yake, mako shida ba wanda ya lura. Aka yi ta "Ei, ei," ana tafi, Nasrullah na tsaye a baya ya harɗe hannu kamar shi ya haifi hasken. Issaka ya yi aikinsa, ya ƙona ƙauye, ya zagi sojoji. Sai dare ya yi a fim.

Duhun dai na nan, don masu fim ɗin da gangan suka yi abinsu. Issaka ya fara jin sanyi a ransa. Sai Nasrullah ya ce, "Ku dakata," ya danna wani abu, ya sake dannawa, duhun ya koma toka-toka, itatuwa suka fito, ga Baturen a duƙe a bayan wani shinge.

Issaka ya runtse ido. In za a kashe shi, gara kada ya ga wuƙar.

"Ya durƙusa a gabanta," ya ce a makirufo. "Ya ce, Mma, hau bayana. Ta ce, ɗana, na yi nauyi. Ya ce, wata tara kika ɗauke ni ba ki ce na yi nauyi ba."

A nan ne kullum ake fara jan majina. Yau tsit. Can wani ya yi tari irin na mai danne dariya. Sai muryar Brimah mahauci ta taso daga tsakiya, a natse, kamar mai ba da labarin rasuwa.

"Baba Issaka, uwar tasa tana da wutsiya."

Ya buɗe ido. Ƙafa huɗu a ɗaure, biyu ta kowace kafaɗa. Kunnuwa fato-fato. Dogon hanci mai huji biyu yana shinshinar gemun Abdul-Manan. Alade ne, ƙato, mai ƙiba, kuma daga yadda Baturen ke waige-waige, ba ma nasa ba ne.

"A'uzu billahi," in ji mata a tare.

"Asiri ne," Issaka ya ce da sauri. "Sojojin nan sun yi mata asiri, suka mayar da ita..."

Dariya ta haɗiye sauran maganar. 'Yan kayayo suka riƙe ciki suna faɗawa jikin juna. Wani ya ce shi fa sau uku yana sa wa wannan abu albarka. Rafi'u mai walda ya miƙe tsaye, ba ya dariya ko kaɗan.

"Ɗana fa? Sunan ɓarawon alade na sa wa ɗana?"

"Tsaya, tsaya," in ji Brimah. "To ragon da suka ci a ƙarshe fa?"

Kowa ya shiga haɗa zancen a kansa. Sannan ɗakin ya sake fashewa, wasu na tofar da yawu, wasu na neman takalmansu. Nasrullah ya tsayar da fim ɗin, kuma don rashin sa'a ya tsaya daidai inda fuskar aladen ta cika bango, ido ɗaya a lumshe.

Issaka ya ajiye makirufo a kan kujera a hankali. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Zagin bai dame shi ba, aikin ma a wannan lokacin ya manta da shi. Bencin gaba ne ya kasa kallo. Mako shida yana ba matar nan ɗa, yau an karɓe a gaban kowa, an miƙo mata alade.

Ya nufi ƙofar gefe. Sai ya ji an kama bakin rigarsa.

"Ina za ka?" in ji Mma Salamatu.

Ya duƙa kusa da ita, ya rage murya. "Mma Salamatu, ki yafe mini. Wallahi ban gani ba. Ban san abin da ya goya ba."

"Ni na sani."

Ya ɗago.

"Kai kana rage muryar fim, amma ba ka kashe ta." Ta bubbuga lasifikar da take jingine da ita. "Tun Lahadin farko yake mini gurnani a kunne. Na yi shekara goma ina sayar da koko a Atonsu kusa da masu kiwonsu, zan kasa gane kukan alade?"

"To, kukan da kike yi fa?"

"Bango na zo kallo?" Ta saki rigarsa ta gyara mayafi. "Koma ka zauna. A bakin shinge ka bar su, ko ruwa ba su kai ba."

Ta waiga baya, ta ɗaga murya yadda take kiran masu sayen koko. "Kai, Nasrullah. Wutar nan taka tana damun idona."

Kusan rabin ɗakin ya riga ya fice, har da Rafi'u, wanda aka ji shi a waje yana tambayar ko ana sake suna bayan an yanka rago. Sauran suka tsaya su ga yadda za a ƙare. Hajiya Lariba ta shigo daga bakin ƙofa, ta dubi aladen da ke bango, ta dubi waɗanda suka fita, ta dubi waɗanda suka zauna.

"Abin nan da ka danna ya ƙaru," ta ce wa ɗanta, "yana da na ragewa?"

"Mma, saboda hasken nan fa aka kawo shi."

"Na tambaye ka yana da na ragewa."

Nasrullah ya ja tsaki can ƙasa yadda uwarsa ba za ta ji ba, ya danna. Fuskar aladen ta dushe. Ya sake dannawa, kunnuwan suka tafi. A na huɗu ba abin da ya rage sai inuwa a duƙe da wani ƙaton abu a baya.

"Haka ya yi," in ji Brimah, ya gyara zama. "Amma Baba, yau a ƙarshe ka ce kifi suka ci."

Issaka ya ɗauki makirufo. Ya riƙe shi da hannu biyu. Inuwar ta fara tafiya, can ruwa ya ɗan ƙyalla.

"Sun iso bakin kogi," ya ce. "Ruwa ya kawo masa ƙirji. Ta ce, ɗana, ka daɗe ba ka zo ba. Ya ce, Mma, hanya ce ta yi nisa, amma ga ni."

Wannan bai taɓa faɗar sa ba sai yau. Wani ya yi dariya a baya, aka ce masa ya rufe wa mutane baki. Daga cikin lasifikar hagu wani ɗan gurnani ya taso, Mma Salamatu ta sa tafin hannu ta dafe wurin, kamar yadda take yi kowace Lahadi.