Ruwan Jikin Khaula

Karo na huɗu ke nan Sista Zuhra tana soka allura a bayan hannun Khaula, jijiya ta ƙi samuwa. Naja'atu ta riƙe ƙafafun 'yar tata mai wata bakwai, tana kallon maɗigarta da ta loɓa kamar an danna da babban yatsa.

Amai da gudawa ne. Mijinta Maiwada ya fara kamawa a gida, can Toranke. Kwana biyu ya yi yana zarya, ga shi yau tsaye a bakin ƙofar ɗakin asibitin Ajingi, ya faɗa amma da ƙafarsa. Khaula kuwa da asuba ta fara, yanzu ko azahar ba a kira ba.

"Sista, shi fa kwana biyu ya yi," in ji Naja'atu. "Ita ko wuni ba ta yi ba."

Sista Zuhra ba ta ɗago ba. "Zuba ruwa a randa, ki zuba a murfin kwano, ki kai su rana. Wanne zai riga ƙafewa? Babba yana da ajiya. Ita kuwa duk jikin fata ne, ruwan ciki bai taka kara ya karya ba. Ga zafin nan, ga zazzaɓi. Ta ko'ina fita yake yi."

Ta aske gefen kan yarinyar, ta sake gwadawa. Khaula ta buɗe baki, kuka bai fito ba, hawaye ma babu. Sista ta ajiye allurar, ta rubuta takarda.

"Ku wuce Kano yanzu. Ki dinga ɗiga mata ruwan gishiri da sukari da cokali, kar ki tsaya."

A tashar Ajingi sai da suka jira mota ta cika. Wata tsohuwa a gefensu ta cire ɗankwalinta tana yi wa yarinyar fifita. Naja'atu tana ɗigawa, Khaula tana haɗiyewa da ƙyar. Can a hanya ruwan ya fara dawowa ta gefen baki, yana gangarawa cikin kunne. Naja'atu ta goge, ta sake cika cokalin. Tsohuwar ta daina fifita, ta kama mata hannu.

"'Yata, ya isa haka."

Da suka shiga Gaya direba ya rage gudu. "Akwai mai sauka?"

Maiwada ya waiwayo daga kujerar gaba. Naja'atu ba ta dube shi ba, tana jan gefen mayafinta a kan fuskar yarinyar.

"Akwai," in ji shi.