Mutum Biyu a Rajista

Firji ɗaya tak aka samu, mai aiki da sola, cike da allurar maganin dafin maciji, aka ce kwamiti ya zauna ya duba inda ya fi dacewa a kai shi. To, ka san kwamiti: mutum tara, ruwan roba, da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya.

Sista Ngunan ta baro ƙaramin asibitinta da ke can bayan Arikya tun da sassafe, ta iso Lafia a kan mashin, ƙafafunta duk laka. Firjin nan take so, ba ta kuma ɓoye wa kowa ba. Ƙauyukan da take dubawa manoman doya ne, kuma duk lokacin haƙa sai kububuwa ta yi musu ɓarna. Ba banza ake ce mata gobe-da-nisa ba.

Shugaban zaman, Alhaji Nababa, rabonsa da ganin maciji tun yana firamare. Ya miƙa magana ga Ɗanmusa, ƙwararren da aka ɗauko daga Abuja, shi kuwa ya haske bango da zane-zane masu launi.

"Abin a fili yake," in ji Ɗanmusa. "Bara asibitin cikin gari ya karɓi mutum sittin da ɗaya da maciji ya sara. Na Sista, mutum biyu. A hana sittin a ba biyu, wannan adalci ne?"

Kawuna suka hau gyaɗawa kamar na ƙadangaru.

Ran Ngunan ya ɓaci, ta miƙe tun kafin a ba ta izini.

"Ranka ya daɗe, biyu ɗin nan ni ne na rubuta da hannuna. Mutanenmu sun san babu magani a wurina, wa zai tsaya? Direct suna wucewa town. Sittin naku ɗin, ku duba address, rabi namu ne. Wanda ya mutu a kan mashin kuma, babu wanda ya rubuta shi."

Ɗanmusa ya yi irin murmushin da ake yi wa mai tallar gyaɗa idan ta sa baki a maganar manya.

"Ba mu tattara adireshi ba, Sista. Kina da data, wato alƙaluma a rubuce?"

Ta ba su sunan Aondoaver, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ƙannensa suka ɗaure da zane a bayan mai mashin, jini na zuba ta dasashinsa, ya cika kafin su hau kwalta. Ta ba su sunan Iveren, wadda maciji ya sara tana ɗiban itace da goyo a baya. Tana shirin kiran na uku Alhaji Nababa ya ce, "Allah sarki," ya duba agogo.

"Wannan labari ne," in ji Ɗanmusa a tausashe. "Kwamfuta ba ta cin labari."

Aka ɗaga hannu. Takwas suka ba cikin gari, inda dama akwai firji biyu da janareta. Aka yi tafi, kowa na jin ya ceci al'umma.

Amma kada a ce an manta da karkara, sai Alhaji Nababa ya sa aka ɗauko wani ƙunshi mai nauyi, ya miƙa mata da hannu biyu, ana ɗaukar hoto. Ta kwance shi a nan gabansu. Fastoci ne masu sheƙi, da hoton maciji ya fasa kai, da jan rubutu: IDAN MACIJI YA SARE KA, GARZAYA ASIBITI MAFI KUSA.

Ta karanta sau biyu. Asibiti mafi kusa nata ne, kuma abin da ke kabad ɗinta bai wuce farasitamol da auduga ba. Duk wanda ya bi wannan shawara ya ratse wurinta, ya zubar da awa guda da ba shi da ita.

"Ranka ya daɗe, in sun zo, me zan ba su?"

"Ki rubuta su," in ji Alhaji Nababa, yana tattara babbar rigarsa. "In rajistarki ta cika, baɗi sai mu duba."